RUWAN SHUKA DA LISSAFIN MASANA: ME MANOMIN LAMBARA ZAI RIƘA?

Kowace shekara, da zarar bazara ta nuna, iska ta juya, hadari ya fara haɗowa daga gabas, tambaya ɗaya ce ke bakin kowane magidanci a Lambara da sauran garuruwan ƙasar Shagari da Boɗinga. Tambayar kuwa ita ce: shin ruwan nan da ya sauka na shuka ne, ko kuwa na yaudara ne? Wanda bai taɓa riƙe sungumi ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Alhali kuwa a kan amsarta abincin shekara ya rataya. In manomi ya yi gaggawa ya zuba irinsa, sa'an nan ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, to, geron da ya tsiro zai ƙone, iri ya tafi, kuɗin ƙwadago ya tafi, a koma neman bashi. In kuma ya yi nawa yana jiran tabbas, damina ta yi masa nisa, ruwa ya janye tun dawa ba ta gama ido ba.

Ƙasar Sakkwato ba ta da yalwar da za a yi ganganci da ita. Ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma yawancinsa yana sauka ne tsakanin watan Yuni da Satumba. Wanda ya yi hasarar mako uku cikin irin wannan gajeriyar damina ya yi hasarar babban rabo. Saboda haka ya kamata ma'aikatanmu da ɗalibanmu su san abin da masana yanayi ke iya faɗa game da faɗuwar damina, da abin da ba su iya faɗa, da kuma abin da ya rage a wuyanmu. Ra'ayina shi ne, hasashen masana abin riƙo ne, amma ba zai amfani manomin Lambara ba sai mun cika masa sharuɗɗan da har yanzu ba mu cika ba.

Bari mu fara da yadda ake yin lissafin. Iska da zafi da danshi suna bin ƙa'idoji sanannu, waɗanda za a iya rubutawa da alƙaluma. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Lewis Fry Richardson shi ya fara gwada lissafa yanayin gobe daga na yau da alƙalami da takarda, ya buga sakamakon a 1922. Lissafin nasa bai dace da abin da ya auku ba, kuma ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga yanayin duniya sauri. Sai a 1950 aka yi nasarar gwada hanyar tasa a Amurka da wata kwamfuta ta farko-farko mai suna ENIAC, ita ma kuwa sai da ta ci kusan sa'a 24 kafin ta lissafa yanayin sa'a 24. A 1975 ƙasashen Turai suka haɗa ƙarfi suka kafa babbar cibiyar hasashen yanayi a garin Reading na Ingila, wadda har yau tana cikin waɗanda duniya ta fi dogara da lissafinsu.

Abin da kwamfutar ke yi shi ne ta yanka sararin samaniya gida-gida, kamar yadda ake yanka fadama fangali-fangali. A kowane gida sai a sa mata awon zafi da danshi da ƙarfin iska na wannan sa'a, ita kuma ta lissafa yadda kowane gida zai taɓa maƙwabcinsa, daƙiƙa bayan daƙiƙa, har zuwa kwanakin da ake so. To, amma a 1963 wani masani Ba'amurke, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskure ƙanƙane a awon farko yakan yi ta haihuwa har ya ɓata lissafin duka. Dalili ke nan da ya sa hasashen rana-rana ba ya wuce kamar mako biyu, kome girman na'ura. Don rage wannan illa, tun daga 1992 manyan cibiyoyi suka shiga maimaita lissafi sau da yawa, kowane da ɗan bambanci a mafarinsa. Cibiyar Turai tana yin sau 51. In 40 daga ciki suka nuna ruwa, sai a ce alama ta yi ƙarfi. In suka rabu biyu, sai a ce babu tabbas. Watau amsar kwamfuta ba "i" ko "a'a" ba ce, rinjaye ne kawai.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ke fama da wuyar sanin farkon lokaci. A ƙasashen sanyi, abin da ya fi ba masana wahala shi ne faɗar ranar da dusar ƙanƙara ta farko za ta sauka bisa duwatsu, da yawan da za ta yi. A farkon hunturu zafin iska yana kai da komowa a daidai iyakar daskarewar ruwa, har bambancin awo ɗaya ko biyu shi ke raba tsakanin ruwan sama da ƙanƙara. Ga shi kuma gidajen lissafin sun fi kwazazzabai da ƙololuwan duwatsu faɗi, sai kwamfuta ta ɗauki dutse mai tsini kamar tudu shimfiɗaɗɗe. Maganar kuwa ba ta wasa ba ce, domin a yammacin Amurka ƙanƙarar da ta taru bisa duwatsu ita ce rumbun ruwan noman rani da na sha in ta narke. Me suka yi? Ba su zauna jiran kwamfuta ba. Tun farkon ƙarni na 20 wani malamin jami'ar Nevada, James Church, ya ƙago bututun awon ƙanƙara a kan dutsen Mount Rose. A 1935 gwamnatin ƙasar ta ɗauki aikin awon a wuyanta, yau kuwa tana da tashoshi fiye da 800 bisa duwatsu masu aiko da awo da kansu. Da wannan awon ake gyara lissafin kwamfuta.

Abin sha'awa, ita kanta dabarar hasashen damina daga ƙanƙarar duwatsu ta samo asali. Bayan mummunan farin da ya auka wa Indiya a 1877, shugaban ma'aikatar yanayi ta ƙasar, Henry Blanford, ya lura cewa shekarar da ƙanƙara ta yi yawa bisa duwatsun Himalaya, damina takan yi rauni. A kan wannan ne aka fara fitar da hasashen damina na hukuma a 1886. Daga baya Gilbert Walker ya faɗaɗa binciken, ya gano cewa yanayin tekuna masu nisa yana da hannu a ciki. Mu ma nan haka abin yake. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, waɗanda dattawanmu ba su manta da su ba, masanan ma'aikatar yanayi ta Ingila suka nuna a 1986 cewa ruwan yankin Sahel yana da dangantaka da ɗumin ruwan tekunan duniya. Da yake ɗumin teku ba ya sauyawa da sauri, ana iya dubansa tun watanni kafin damina a ce shekarar ta fi karkata ga yalwa ko ga ƙaranci.

A kan wannan tushe aka gina abin da muke da shi yau. Ƙasashen Sahel sun kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Tun 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma suke taruwa kowace shekara su fitar da hasashen damina na yanki. A nan gida kuwa, dokar 2003 ta kafa Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, wadda a farkon kowace shekara take fitar da littafin hasashe mai ɗauke da ranar da ake sa ran faɗuwar damina, da ranar ɗaukewarta, da tsawonta, da yawan ruwa, da lokutan da ake tsoron tsayawar ruwa a tsakiya. Babu shakka wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Kakanninmu da suka sha yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914 ba su sami wanda ya yi musu ko da ishara ba.

To, amma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Tambayar manomi ta fi ƙarfin kwamfuta ta fuska biyu. Ta farko, ita kanta ma'anar faɗuwar damina. Wani masanin cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, M. V. K. Sivakumar, ya tsara ma'aunin da aka fi bi a 1988: damina ta faɗi in aka sami ruwa milimita 20 cikin kwana 3 a jere bayan 1 ga Mayu, kuma ruwa bai tsaya fiye da kwana 7 ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Mai karatu ya lura da kyau. Ba a iya tabbatar da cewa ruwan yau na shuka ne sai bayan wata guda, alhali lissafin rana-rana ba ya hangen abin da ya wuce mako biyu. Duk ranar da aka rubuta a littafi, ashe tsakiyar zato ce, tana da kwanaki gabanta da bayanta da abin zai iya faɗawa.

Ta biyu, irin ruwan da muke samu. Daminarmu tana zuwa ne sa'ad da iska mai danshi daga tekun Atlantika ta turo busasshiyar iskar hamada zuwa arewa. Amma isowar danshi ba ita ce saukar ruwa ba. Yawancin ruwan Sahel yana zuwa ne daga manyan hadura masu tafiya a jere daga gabas zuwa yamma, suna tafe da guguwa a gabansu. Irin wannan hadari yakan tashi cikin 'yan sa'o'i, ya jiƙa Lambara sharkaf, ya tsallake Kajiji ko Sifawa ko ɗigo babu. Kwamfutar da ke lissafa duniya duka ba ta cika kama wannan daidai ba. A 2018 masu bincike na Karlsruhe ta ƙasar Jamus suka auna hasashen ruwa na manyan cibiyoyin duniya a kan arewacin Afirka mai zafi, har da yankinmu. Suka tarar cewa ɗanyen hasashen kwana ɗaya zuwa biyar bai kai ingancin duba tarihin ruwan wurin na shekarun baya ba, kuma ko bayan an gyara shi da awon ƙasa, da ƙyar ya kamo tarihin.

Wani zai ce, to, in haka ne a watsar da abin mana, a bar manomi da shamuwarsa da gawonsa. Lalle manomi yana da ilminsa, kuma ba abin rainawa ba ne. Ya san isowar shamuwa, ya san lokacin da gawo ke zubar da ganye, ya san juyawar iska da zafin dare, ya san tona ƙasa ya ga iyakar inda laima ta kai. Ya kuma san dabarar binne, da raba iri kashi-kashi don kada a yi hasararsa gaba ɗaya. Sai dai shamuwa tana ba da labarin isowar danshi ne, ba ta san abin da zai faru bayan kwana ashirin ba, ba ta kuma san halin da tekun Pasifik ke ciki ba. Ni a ganina binciken nan na Jamusawa bai ce a watsar da lissafi ba. Darasin da ke cikinsa shi ne, makami mafi ƙarfi a yankinmu shi ne rubutaccen tarihin ruwan kowane wuri. Da shi ake sanin ranar da shuka ta fi tsira a yawancin shekaru, da shi ake gyara kwamfuta, da shi kuma ake kama ta in ta yi kuskure. Wannan makami kuwa shi ne muka fi sakaci da shi.

Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha faɗa cewa tashoshin awon yanayi na Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake bukata ba. Awon da aka ɗauka a filin jirgin sama na Sakkwato yana da amfani ga matuƙin jirgi, amma ba shi ne ruwan da ya sauka a gonar Jaredi ko Dandin Mahe ba. Taurarin ɗan'adam na Meteosat, waɗanda aka fara harbawa a 1977, suna ganin hadari daga sama, har ana iya bin sawunsa a yi gargaɗi 'yan sa'o'i kafin ya iso. Amma su ma kan girgije suke gani, ba ƙasa ba, sai an gwada ƙiyasinsu da ma'aunin da ke kafe a gona.

Akwai kuma masu ƙyamar abin ta fuskar addini, suna ganin kamar shiga gaibu ne. Wannan damuwa ce ta mutanen kirki, ya kamata a amsa ta da ladabi. Mai hasashen yanayi ba boka ba ne, ba ɗan duba ba ne. Alamu yake dubawa ya auna, kamar yadda makiyayi ke duban hadari ya kora garkensa gida, ko ungozoma ta dubi mai ciki ta ce haihuwa ta kusa. Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Yin tanadi bisa alama kuwa bai saɓa wa tawakkali ba, tarihin Annabi Yusufu da rumbunan Masar ya ishe mu misali. Abin da ke jawo wa masana zargi shi ne in an kai maganarsu ga jama'a da sigar yankan shakka. Ranar da aka ce wa manomi "ruwa zai faɗi ran kaza" bai faɗi ba, an yi hasarar amincewarsa ta shekaru. Da an ce masa "alama ta fi ƙarfi ga mako kaza, amma akwai tsoron tsayawar ruwa bayansa", da ya san yadda zai yi da irinsa.

Ba sai mun je Turai neman abin koyi ba. Tun 1982 ma'aikatar yanayi ta ƙasar Mali ta fara raba wa manoma ƙananan ma'aunan ruwa, ta koya musu karantawa da rubutawa, ta haɗa su da jadawalin da ke nuna yawan ruwan da ya isa a yi shuka a kowane lokaci, ana kuma watsa shawara ta rediyo duk bayan kwana goma. A ƙasar Senegal, daga 2011, an fara irin wannan a yankin Kaffrine, inda masana ke zama da manoma su gwama hasashen kwamfuta da alamun gargajiya, gidajen rediyon karkara kuma su yaɗa da harsunan mutane. Abin da Mali ta iya fiye da shekara 40 da suka wuce bai fi ƙarfin Jihar Sakkwato ba.

Saboda haka ga shawarwarina. Na farko, ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga su kafa ma'aunin ruwa a makarantar firamare ɗaya aƙalla cikin kowace mazaɓa, a damƙa shi ga malami guda da ɗan alawus ɗinsa, ya riƙa rubuta awo kowace safiya ya aika ta wayar hannu. Ma'aunin roba ba shi da tsadar da za ta gagari ƙaramar hukuma. Abin da ke da wuya shi ne naci, domin littafin awo mai giɓi kamar rijiya ce marar guga. Yara ma za su ƙaru, su ga amfanin lissafin da ake koya musu.

Na biyu, kada hasashen shekara ya ƙare a ɗakin taro na Abuja da jawaban manya. Ma'aikatar Gona ta Jiha ta karɓe shi tun da wuri, ta mai da shi Hausa da Fulatanci marasa sarƙaƙiya, ta bi da shi ta hannun malaman gona da hakimai da limamai tun kafin a gama sharar gona. Daga watan Mayu kuma gidan Rediyon Rima ya keɓe fili tabbatacce, duk bayan kwana goma, a faɗi ruwan da aka auna gari-gari da abin da ake hange a gaba. Hasashen watan Fabrairu ya tsufa kafin Yuni, sai ana sabunta shi.

Na uku, shawara ba ta da amfani ga wanda ba shi da zaɓi. In an ce damina za ta makara ko za ta gajarta, to, a tabbata iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta yaɗa, da wake mai gajeren zango, sun iso kasuwannin karkara kafin ruwan fari. A kuma yi tanadin irin maimaici don wanda shukarsa ta ƙone. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, a riƙa yin hisabi. Bayan kaka, a buga a fili abin da aka yi hasashe da abin da aka auna, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Inda aka dace a faɗa, inda aka kuskure a faɗa. Ɗan kasuwar da ke ɓoye mudunsa ba ya daɗewa da masu ciniki. Masana ba za su rasa kome ba da wannan, sai ma ƙarin daraja, domin manomi ya fi kowa sanin cewa sha'anin sama ba a yi masa rantsuwa.

Na biyar, kira ne ga ɗalibanmu, musamman na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kwalejojin ilmi. Maimakon kwafe-kwafen abin da aka rubuta a kan wasu ƙasashe, ga aiki nan a ƙofar gida. A tattara tsofaffin littattafan awon ruwa da ke kwance a ofisoshin gona kafin gara ta gama da su. A zauna da tsofaffin manoma a rubuta alamun da suke bi, a gwada su da awo shekara bayan shekara, a ga wanne ya tabbata. A koyi lissafi da sarrafa kwamfuta sosai, domin gyaran hasashen Sahel ba zai zo daga wanda bai taɓa ganin guguwar farkon damina ba.

A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawarin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan'adam zai sami gargaɗin bala'in yanayi tun da wuri. Alkawari ne mai daɗin ji. Amma ba Majalisar ce za ta je Lambara ta karanta ma'auni da ƙarfe bakwai na safe ba, ba ita ce za ta kai iri kasuwa ba. Wannan aikin sakataren ƙaramar hukuma ne, da malamin gona, da hedimasta, da mai gabatar da shiri a rediyo. Mutanen duwatsun ƙanƙara sun hau dutse da bututu a kafaɗa shekaru da dama kafin kwamfutarsu ta zama abin dogara. Mu namu awon ko hawa ba ya bukata, a farfajiyar makaranta za a yi shi. In muka fara bana, nan da shekara goma manomin ƙasar Shagari da Boɗinga zai sami amsar da ta fi ta yau ƙarfi ran da ya tsaya bakin gona da iri a hannu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu da fari da ambaliya, amin.